Ki Adana Gaisuwarki Sai Jirgi Ya Tashi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani, mai sunan mahaifiyata.

Assalamu alaikum. Ina kwana, ko kuwa ina wuni, don ban san inda mota ta kai ki ba lokacin da za ki buɗe takardar nan. Ina gajiya? Ina zaman mota? Yaya ƙafafu, sun fara kumbura? Yaya maƙwabciyar kujerarki, da fatan ba daddawa ta ɗauko ba? Allah ya tsare ki gaba da baya, ya rufe idon mugu daga motarku tun daga Mafara har Ikko, kin dai san halin da hanyoyinmu suke ciki. Allah ya sa direbanku mai tsoron Allah ne. Kin ga na yi gaisuwata cikakkiya, saboda a takarda ce, ba wanda zai makara dalilinta.

Na ce wa innarki ta sa miki ita cikin jaka, kada ki buɗe sai mota ta bar tasha. Ga abin da ya hana ni sukuni. Mutanen asibitin nan da ya ɗauke ki aiki sun ce ranar Litinin da safe jirgin ruwa zai kwashi sabbin ma'aikata daga tashar Marina zuwa tsallake, wanda bai shiga ba a ba wani gurbinsa. Kin yi karatun ungozoma kin gama, kin dawo Bakura kina tsinkar albasa tare da mu, har na fara kau da kai in na wuce hotonki na makaranta a bango. Yanzu aiki ya samu, ba abin da ya rage tsakaninki da shi sai ƙetare garin Ikko, daga gidan gwaggonki Luba a Agege zuwa bakin ruwa. Gwaggonki ƙafa ta hana ta fita, 'ya'yanta sun watse, ke kaɗai za ki yi tafiyar. Ni kuwa na taɓa yin ta, zuwa tashar nan dai, kuma kusan ba abin hawan da ban gwada ba. Kin sha jin labarin a bakin baffanki Lawali duk sallar da muka je Maradun, yana ƙara masa gishiri. Yau ki ji shi daga bakin mai shi.

Kina goye a lokacin. Lawali yana zaune can tsallaken ruwa yana sayar wa masunta kayan tireda, sai matarsa ta haifi ɗan fari. Waya ba ta yawaita ba, direban albasa ne ya kawo saƙo. Ni ne babba a maza, ni zan kai ragon suna, ni zan raɗa wa yaro sunan mahaifinmu. Na kama farin ragona da na kiwata da harawa da dusa, muka hau saman buhunan albasa ni da shi har Ikko. Na sauka da sauran kwanaki a hannu, har ina cika baki wai zan je in huta wurin Lawali kafin suna.

Yaya Luba ta dube ni ta ce, "Bube, jirgin ƙauyen nan ɗaya ne, da safe yake tashi, kuma ba ya jiran kowa."

Ita ba ta zuwa, kin san ta da ruwa, ko dam ɗin Bakolori za a wuce sai ta rufe ido. Mijinta kuma ya yi tafiya. Na ce mata, "Haba Yaya, wanda ya saba da kasuwar Mafara ranar Talata, wane gari ne zai ruɗa shi?" Ta dai ci gaba da tankaɗenta.

To, mu fara da danfo, 'yar ƙaramar bas ɗin nan ruwan ɗorawa mai baƙin zane. Ita ce mai arha, kuma ko'ina akwai ta. Na fita da asuba ina jan rago, na tsaya bakin titi. Ta farko ta zo, kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihu kamar an yi gobara. Na matsa, na ɗan russuna kamar yadda aka koya mana, na ce, "Salamu alaikum, sannunku da aiki, ina kwananku?" Wallahi Uwani, ban kai ga "ina gajiya" ba na ga bayan motar. Na ce wannan ba shi da tarbiyya, bari in jira wata. Wata ta zo, na taƙaita, na ce, "Sannu da ƙoƙari, an tashi lafiya?" Ita ma ta wuce. Ashe danfo ba ta tsayawa, rage gudu kawai take yi don ta ga wa yake da niyya.

Ina nan tsaye rana tana ɗagowa, sai wata mata mai kwando ta turo ni ta baya, ta turo ragon, ban san yadda aka yi ba na gan ni a ciki. Sai da na biya wa rago kujera, amma a cinyata ya zauna. Da na samu numfashi sai na ga ai ban gaida mutane ba, na shigo musu kamar ɓarawo. Na juya dama na gaida wani mai kwat, ya matse jakarsa a ƙirji. Na juya hagu na gaida wata tsohuwa, na tambaye ta gida da yara da jikoki. Ta daɗe tana kallona, sai ta buɗe leda ta gutsuro biredi ta miƙo mini. Ni, Bube, mai kadada a Bakolori! Na karɓa, don mayar da hannun tsohuwa ba kyau. Ragon ne ya cinye.

Duk wannan bai kashe ni ba. Wurin sauka ne ya kashe ni. Yaya Luba ta ce in an zo Oshodi in sauka in sake wata motar, kuma in ɗaga murya in ce "Owa!" shi ne za su tsaya. Na ga Oshodi da idona, na gane ta da siffar da ta yi mini. Amma yaya zan yi wa direba tsawa, mutum da furfurarsa, yana kan aikinsa? Sai na taɓa kafaɗar kwandasta na ce, "Ɗan'uwa, don Allah in ba damuwa, in direba ya samu wuri mai kyau." Ya dube ni, ya dubi rago, ya ci gaba da ihunsa. Muka wuce. Inda suka zubar da mu har yau ban san sunansa ba, na dai san na dawo Agege bayan la'asar, ni da rago kowa yana jin haushin ɗan'uwansa.

Saboda haka in dole ta sa kika shiga danfo, ki shiga da ƙafarki tukuna, bakinki ya biyo baya. Ki riƙe canji a hannu, kada ki buɗe jaka a ciki. In an zo wurin saukarki ki buɗe murya, irin wadda kike kiran ƙanenki da ita in ya bar awaki sun shiga rumbu. Ba rashin kunya ba ne a can, haka suke magana. Amma ban so ki dogara da ita ranar Litinin, don direba yana iya ganin cunkoso ya ce nan ya tsaya, kowa ya sauka ya nemi wata.

Washegari na ce ni da danfo har abada, tasi zan ɗauka in zauna kamar mutum. Aka samo mini wani direba, dattijo, ba ya jin Hausa, ni ba na jin Yarbanci, na ce madalla, yau ba gaisuwa. Duk da haka na ɗan gaishe shi, ya gyaɗa kai, muka tafi. Rago a kujerar baya kamar Alhaji, ni a gaba. Iska tana kaɗa ni, ina ta tausayin mutanen da ke matse a danfo.

Sai muka hau doguwar gadar nan da ke kan ruwa, wadda ba a hango ƙarshenta. Nan duniya ta tsaya. Goslo suke ce masa. Mota bayan mota, ba gaba ba baya, tasi da danfo da motar mai kuɗi duk sun zama ɗaya. Direba ya kashe injin ya ciro jarida. Na leƙa ƙasa ina ganin jiragen ruwa suna wucewa, kowanne na gani sai in ce Allah ya sa ba nawa ba ne.

Ina cikin haka na hango wata babbar mota gefenmu ɗauke da shanu, wani tsoho mai rawani zaune a sama. Na dubi rawanin na ce wannan naɗin mutanen Maradun ne. Ki gaya mini, Uwani, ke da kin gan shi me za ki yi? Tsoho ne, sa'an mahaifina, a ƙasar da ba kowa, kuma motoci a tsaye suke. Na buɗe ƙofa na sauka, na zagaya na ɗaga kai na yi sallama. Ashe kuwa ɗan Maradun ɗin ne! Ya yi murna har ya kusa faɗowa. Muka shiga: ina gajiya, ina hanya, yaya dabbobi, yaya aka baro gida, yaya damina ta yi muku, gero ya yi kai? Muna kan gyaɗa sai na ji hon ta ko'ina. Hanya ta buɗe. Na waiwaya, tasi ta tafi, don na bayanta ba su bar direba ya jira ba. Abin da na gani na ƙarshe fuskar ragona ce a gilashin baya yana kallona.

Na tattare babbar riga na zuba a guje. A kan gada, Uwani, tsakiyar motoci, takalmi ɗaya ya fita ban tsaya ba, ina ihu "Rago! Rago!" kamar shi zai taka burki. Masu tallar ruwa da biskit suka biyo ni a guje, sun zaci ɓarawo nake bi, ko kuma ni ne ɓarawon, ban tsaya tambaya ba. Allah ya taimake ni wani goslo ya sake kamawa a gaba, na cim musu. Direban ya faɗi maganganu masu yawa, na gode Allah da ban ji yarensa ba. Da muka isa Marina jirgi ya daɗe da tafiya, mai gadin wurin ya nuna mini ruwa da hannu.

To ki ji. Tasi tana da daɗin zama, kayanki a gefenki, ba mai taka miki ƙafa. Yanzu ma an ce akwai wadda ake kira ta waya ta zo har ƙofar gida, in ita za ki shiga ki duba lambarta ta yi daidai da ta wayar kafin ki buɗe ƙofa. Amma ki sani duk tsadarta a titi ɗaya take da kowa, in an tsaya ta tsaya. Kuma in kin shiga, ko wa kika hango ta taga, ko ni ne, kada ki sauka.

Na kwana ina juyi, don gobe suna. Da asuba Yaya Luba ta ce, "Saura abu ɗaya, kabu-kabu. Shi ba ruwansa da goslo, tsakanin motoci yake bi. Ka hau ka rufe bakinka, Bube, na roƙe ka." Na ce na ji.

Na fita mahaɗar titi, ga masu babur jere, kowa da hular kwano ta rufe fuska. Na zaɓi wani mai ƙiba na ce, "Marina." Kalma ɗaya tak, ki shaide ni. Ya gyaɗa kai. Muka gicciye rago a tsakaninmu, na riƙe ƙaho da hannu ɗaya, ƙarfen baya da ɗayan. Kai, wannan abu yana gudu! Muna ratsa motoci, gwiwata tana gogar ƙofofi, ina salati, amma zuciyata fari fat, don na ga yau kam zan riski jirgi. Mun ci fiye da rabin hanya, har na fara jin warin ruwa.

Sai muka faɗa wani rami, rago ya yi kuka, mai babur ya ce, "Sannu." Bakina ne ya ci amanata. Kafin in tuna alkawari na ce, "Yawwa, sannunmu dai, ina ƙoƙari?"

Ya taka burki har sai da na sumbaci bayan hularsa. Ya gangara gefen titi, ya kashe babur, ya cire hula. Muntari! Muntari na Birnin Tudu, wanda muka yi makarantar allo tare, wanda muka sha sata wa Malam mangwaro tare. Ya ce, "Bube? Kai na? Walle tun da ka ce Marina nis san muryag ga!" Ya rungume ni da ragon duka.

"Muntari, jirgi," na ce.

"Ahaf, jirgi na nan, akwai lokaci. Ina kwana? Kun zo lahiya? Ina mutanen gida? Ina Inna? Ina su Lawali? Yaya ruwa bana? An buɗe muku kanal da wuri?"

Ke kin san ba a amsa irin wannan a tsaye kan babur. Na sauko. Na amsa, ni ma na mayar masa, don ba a karɓar gaisuwa a riƙe. Ya bi unguwarmu gida gida. Ya bi tasu gida gida. Sai ya ce, "Ina Kawu Ibro, yana nan da faɗansa?" Kawu Ibro kuwa ya rasu tun daminar bara, ashe labari bai iso shi ba. Na yi tunanin in ce yana nan lafiya in gyara daga baya, amma ba a ƙarya da mamaci. Na gaya masa. Muntari ya zauna a bakin kwata ya kama kuka.

To wa zai ce wa mai kuka tashi ka kai ni jirgi? Na tsuguna na yi masa ta'aziyya, muka ɗaga hannu muka yi addu'a. Wani mai babur ya ga mun ɗaga hannu ya tsaya, ɗan Bakura ne. Ya kira wani, ɗan Maradun. Kafin ki ce me, babura sun cika wurin, kowa sai ya yi wa Muntari gaisuwa, sannan ya juyo ya gaishe ni tun daga farko, sannan ya tambayi nasa mutanen. Har ragon sai da aka yaba. Daga nan suka ce ai ba zai yiwu baƙo daga gida ya ratsa unguwar bai gaida Alhaji Mani ba, shi ne babbansu a nan, in ya ji zai yi fushi, kuma ga gidan can kusa. Aka kai ni. Alhaji Mani ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, aka ce tuwo yana kan wuta. Na ce, "Alhaji, suna nake sauri." Ya ce, "Masha Allah! Wa ya haihu?" Aka sake sabuwar gaisuwa, ta barka.

Ina cin tuwon nan ina hawaye, suna cewa Allah sarki, Bube ya ji mutuwar Kawu Ibro.

Shawarata a kan kabu-kabu gajera ce. Ya fi komai sauri, ya fi komai haɗari, an ce ma yanzu an hana su manyan tituna, sai a kama babur a bar ki tsaye da jaka. Amma ko ba a hana ba kada ki hau, don rabin masu tuƙa shi mutanenmu ne, kuma ba wanda bai san gidanmu ba. Keke mai ƙafa uku kuwa, agwagwa da buje, na cikin unguwa ne, ya kai ki bakin babban titi ya isa, kada ki ce ya kai ki Marina.

Kina so ki ji yadda na ƙetare? Da na koma da yamma Yaya Luba ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da safe ta ɗauko gyalenta ta ɗaure mini haɓa har saman kai, ta cusa mini goro a kumatu, na fito sak mai ciwon haƙori. Na ce ta cikin gyale, "Yaya, ai yanzu za a fi gaishe ni." Ta ce, "Awo, amma marar lafiya kai kawai yake gyaɗawa." Ta raka ni titi da kanta, ta tura ni da rago cikin danfo, ta gaya wa kwandasta da Yarbanci inda zai jefar da ni. Kuma haka aka yi. Hausawa suna ta "sannu, Allah ya sauwaƙe," ina gyaɗa kai ina wucewa. Na isa Marina tun ba a buɗe ƙofa ba.

Na sauka tsallake kwana ɗaya bayan suna. Ashe Lawali ya tara malamai tun safe, ya yi ta leƙen bakin ruwa, jirgi ya zo ba ni ba rago. Da rana ta take ya ruga ya sayo wani ramammen bunsuru wurin maƙwabci, ya raɗa wa ɗansa suna da kansa. Na iske shi a ƙofar shago, na kwance gyale, na shirya gaisuwa tun daga tushe. Ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa." Shi ke nan, ya juya ya ci gaba da auna sukari. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk gudun da na yi a kan gada bai yi mini ciwo kamar wannan ba, sai da matarsa ta sa baki ya sauko. Ragon kuwa ya rayu har babbar salla yana cin ɓawon doya, shi kaɗai ya ci ribar tafiyar.

Yanzu ga wadda nake so ki hau. Bayan zamanina an kawo wata doguwar bas mai hanyarta ita kaɗai, an kange mata gefen titi, in goslo ya kama kowa ita sai ta wuce. Ban taɓa shiga ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma na tare direbobin albasa na yi musu tambayar alƙali, na kuma kira gwaggonki, bakinsu ya zo ɗaya. Da kati ake shiga, ki sa a sayo miki tun ranar Lahadi. A Oshodi za ki sauya, ki tambayi mai rigar aiki, tambaya ɗaya, ban da ina kwana. Aibinta layi, an ce da safe yana da tsawo, saboda haka kina sallame sallar asuba ki fita, karin kumallo ki ci a bakin ruwa. An ce akwai sabon jirgin ƙasa ma, amma direbobin sun saɓa a kan inda yake tsayawa, abin da aka saɓa a kai kuwa ba na Litinin ɗin nan ba ne. Abin da ya fi burge ni da doguwar bas ɗin, an ce kowa kansa a sunkuye yake kan waya, ba mai kallon kowa. Da na ji haka na ce tir da wannan zama, sannan na ce alhamdu lillahi.

In kin isa, ki shiga jirgi ki zauna tun kafin a kira. Rigar nan mai hana nutsewa da za su ba ki, ki sa ta ko da tana wari, ki ɗaure igiyoyinta duka.

Kada ki yi dariya ki ce wannan Baba ne, ni ba haka nake ba. Ke kin fi ni. Wa innarki ta aika sayen gishiri ta dawo an sauke miya, don ta biya ta gaida duk tsofaffin layinmu? Wa ta tsayar da motar Mafara a bakin kasuwa don ta hango malaminta na firamare? Ni na koya miki, ban musa ba. Ni nake mayar da yayyenki waje su sake sallama in sun shigo da gaisuwa guntuwa, ke kuwa ban taɓa mayar da ke ba. In mutane suka ce ɗiyar Bube ta iya gaisuwa, kaina har wani girma yake yi. Ban ce ki yar da ita ba. Ki ninke ta ki sa a ƙasan jaka na safiya ɗaya. In kin sauka tsallake ki ciro ta, don matar da ke naƙuda a ƙasar da ba uwarta tana bukatar mai ce mata sannu da gaske, ko da ba ta jin yarenki.

Saura magana ɗaya. Na san kin duba ba ki gan ni a tasha ba, innarki ta ce miki yau ne layin ruwanmu a kanal, albasa ba ta jira. Gaskiya ne yau ne, amma ni na je na roƙi maƙwabcin gonata Malam Isa muka yi musanya, nawa na asali sai jibi ne. Na san kaina. In na zo tasha zan fara sallama, in ce ki gaida gwaggonki, in ce Allah ya kiyaye, in tuno wani abu, in sake farawa, ke kuma ba za ki iya katse ni ba don ban koya miki ba. Direba zai yi hon ya gaji ya tafi. Abin da ya fi ba ni tsoro, Uwani, in motar ta tafi ta bar ki, daɗi zan ji. Tun ran da aka ce an ɗauke ki nake murna a gaban mutane, in na shiga gona in rasa abin da ke yi mini daɗi. Ba na so ki tafi, kuma ina so ki riski jirgin nan fiye da yadda na so in riski nawa. Shi ya sa na ɗaure haɓata da kaina na tafi ban-ruwa.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Allah ya tsare ki a tudu, ya tsare ki a ruwa. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, amma ba ranar Litinin da safe ba. Allah ya sa albarka a hannunki, duk jaririn da kika karɓa ya zo da rai da lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini rashin rakiya.

Ranar Litinin zan kai wayata caji tun da wuri, in zauna bakin kanal inda sabis yake kamawa. Kada ki kira ni a bas, kada ki kira ni a layi. Sai kin ga an kwance igiya, ƙasa ta fara ja da baya, sannan ki kira. Ki fara tun daga ina kwana, ki bi gida ɗaki ɗaki, ki tambayi albasa, kada ki tsallake ko jaki. Ni ba inda za ni.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bube